Ranar da Jaki Ya Yi Kuka Cikin Kwamfuta

Har gobe ba ni manta wata ranar Alhamis a cibiyarmu ta awon yara da ke Isa, ranar da jaki ya yi kuka cikin kwamfuta. Ku da kunka shigo aiki bana kuna ta tambayata don mi nake tsaya muku a kai duk lokacin da kunka tsallake yaro ba a auna shi ba. To ga dalilin. Karatuna bai yi nisa ba, firamare na tsaya, saboda haka za ni rubuta shi yadda zai zo mini a baki.

Shekara ta biyu ce ta fari. Gero ya bushe a tsaye bai fidda kai ba, dawa ko ba a ma maganarta. Wata ƙungiyar agaji ta buɗe cibiyoyi a nan Isa da can Sabon Birni don yaran da tamowa ta kama, wato ramar da yunwa ke sa wa yaro. Shugabar tamu cibiyar ita ce Malama Asabe, tsohuwar ma'aikaciyar lafiya, kuma yayar uwar mijina ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ke zama a ɗakin ajiya tana ba da abincin tamowa, wanga na gyaɗa da madara da ke cikin 'yar leda. Ni kuma anka ɗauke ni mai awo, don na iya karanta lamba kuma hannuna ba ya rawa in yaro na ihu.

Ga yadda aikin yake. Uwa ta miƙo yaro, in sa shi cikin wandon sikeli in rataye, in karanta nauyinshi, in buga a kwamfuta. Kwamfuta ta haɗa da watanninshi da tsawonshi, sai ta nuna kore ko ja. Kore, a koma gida. Ja, a wuce wurin Malama a karɓi abinci. Akwai kuma wani maɓalli da anka rubuta wa "wuce". Lokacin horo an ce mana in yaro ya ƙi tsayawa, ko wani abu ya hana awo, mu danna shi, kwamfuta ta san abin da za ta yi. Mun yarda. Wa zai yi gardama da abin da anka kawo daga Sakkwato cikin kwali?

To ni ina da yaro a lokacin, na fari, bai daɗe da fara rarrafe ba. Da rana yana hannun Inna, uwar mijina, a Kamarawa. Duk Alhamis matan Kamarawa ke zuwa awo a keken jaki, Inna na cikinsu, ƙafarta ƙafar ƙawarta Hajiya Kulu. Hajiya Kulu na kawo jikanta, wani yaro da ubanshi ke fatauci zuwa Nijar, fari bai taɓa leƙa tukunyarsu ba. Mata sun sa mishi suna Buhu. In na rataye shi sai na ji ƙugiyar sikeli na ƙara. Hajiya Kulu ba ta yarda kowa ya riga ta a layi, Inna kuma kullum tana bayanta suna hira.

Kun san al'adarmu da ɗan fari. Ba ka faɗin sunanshi, ba ka yi mishi wasa gaban mutane, balle gaban dangin miji. Alhamis ta farko na gwada. Ina miƙa hannu za ni karɓe shi, wata daga baya ta ce, "Kai jama'a, ku zo ku ga 'yar zamani, za ta ɗauki abinta!" Layi duk ya kwashe da dariya, har da masu tafi. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na janye hannu, na juya fuska ga bango, na danna "wuce". Kwamfuta ta nuna kore. Inna ta ɗaga shi sama tana cewa, "Ka ji ko, Maigida? Na'urar Nasara ma ta san ina ciyar da kai."

Haka munka yi ta yi duk mako. Buhu ya hau sikeli, Inna ta matso, in juya fuska in danna, kore ta fito.

Amma ni ke kwana da yaron. Akwai wani ɗan zare da kakarshi ta ɗaura mishi a wuyan hannu ranar suna. Da, sai ka tura yatsa da ƙyar. A lokacin nan zaren ya fara zamewa yana kaiwa gwiwar hannu. In na yi mishi wanka ina jin haƙarƙarinshi ƙarƙashin tafina. Na rasa wa za ni faɗa wa. Maigidana ya tafi cin rani. Na gwada Inna ta bayan gida, na ce, "Inna, kamar wancan ya ɗan faɗa." Ta ce, "Ke Ige, jinin gidanmu ne. Ubanshi ma haka yake, a ido kamar kara, a ɗauka kamar turmi. Ƙashi ne da su mai nauyi. Ke kin fi na'ura sani?" Malama ko ba ta ganin yaro sai wanda ja ta turo mata, kuma in tsaya gaban yayar uwar mijina in ce ɗana kaza, bakina bai iya ba. Sai in koma in ce wa raina wata ƙila Inna ce da gaskiya. Sai in sake duba zaren.

Ana haka anka aiko mana baƙo daga Sakkwato, Injiniya Nasiru, ɗaya daga waɗanda sunka haɗa aikin da ke cikin kwamfutar. Dalilin zuwanshi, wai a cibiyar Kurawa an samu jariri ɗan wata huɗu da kwamfuta ta ba nauyin yaron da ke gudu da ƙafarshi. Sun bincika a ofis ba su ga ta inda abin ke shigowa ba.

Ranar Litinin ya tara mu ya yi bayani. Ya ce cikin kwamfuta kamar ɗaki ne cike da ƙore na aro. Kowane aiki ya zo sai ya ari ƙwarya, ya zuba abinshi, in ya gama ya mayar.

"Amma fa ba a wankewa," in ji shi. "Wanda ya ara daga baya, in bai zuba nashi ba, abin da na farko ya bari shi zai tarar."

Malama ta riƙe haɓa. "Ba a wankewa? Ashe ƙazama ce munka aje a kan tebur, har ina shafe ta da mayafina."

Injiniya ya yi dariya, ya ce shi ya sa ya zo da wani aiki na dabam wanda za ya sa cikin kwamfutar ya riƙa gadi. Ya faɗi sunanshi da Turanci, ban riƙe ba, mu dai Mai bin sawu munka sa mishi. Duk ƙwaryar da anka ara ba a zuba mata komi ba, Mai bin sawu na shafa mata alama, kamar yadda ake shafa wa tunkiya ja a kasuwa. In an juye ta cikin wata ƙwarya, alamar ta bi. Ba ya magana. Sai ranar da kwamfuta za ta yanke hukunci da abin da ke ciki, sannan ya yi ƙara, ya kuma nuna inda sawun ya faro.

Ya ce amma kafin a yarda da mai gadi sai an gwada shi, ko yana gani ko barci yake. Ya ɗauki ƙwarya wofi da gangan, a cikin kwamfutar ke nan, ya juye ta cikin ta biyu, ya juye ta biyu cikin ta uku. Shiru.

"Ya mutu a hanya," in ji Malama. "Hanyar nan ba ta bar kowa ba."

"Dakata, Malama. In ya yi ƙara yanzu, ya faɗi jarrabawa. Juyi ba laifi ba ne."

Sai ya tambayi kwamfuta ko abin da ke cikin ƙwarya ta uku ya wuce goma. Nan take rubutu ya cika fuskarta, da wata 'yar ƙara kamar ta tsuntsu. Ya sake wani: ya cika rabin ƙwarya, ya yi tambaya a kan rabin da ya cika, shiru. Ya yi tambaya a kan ɗaya rabin, ƙara. Yana ta murmushi kamar wanda ɗanshi ya sauke Alƙur'ani. Matsala ɗaya, wagga 'yar ƙara ba mai jin ta in yara sunka fara kuka. Ya laluba cikin wayarshi yana neman ƙarar da za ta fi su, ya gwada zakara, ya gwada jiniya, Malama ta ce jiniya za ta kore mana mata. Daga ƙarshe ya zaɓi kukan jaki.

Sannan ya haɗa Mai bin sawu da aikin awo, ya ce mana magana ɗaya: "Ku yi aikinku kamar kullum. Shi ba ya ganin hanyar da ba ku bi ba."

Yana fita alwala Malama ta jawo mu gefe. "Kun ji baƙo ne, daga Sakkwato. Ba a cibiyata za a ce ana ha'inci ba. Daga yau har ya tafi, kada in ga an taɓa wancan maɓallin na ragwaye. Kowane yaro sai ya hau sikeli, ko aljani ne."

Haka anka yi. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin na kwanakin nan ba. Yaron da ya ƙi, mata uku ke danne shi. Wani ya ciji mai shara, wani ya yi mini fitsari har cikin hannun riga, amma duk sun hau. Ga kwamfuta ta koma tafiyar hawainiya, don Mai bin sawu sai ya leƙa kowace ƙwarya kafin a wuce. Mata na zaune a rana suna cewa na'urar ma yunwa take ji, a ba ta leda ɗaya.

Ranar Talata da hantsi Injiniya na bayan ɗaki yana duba batirin sola, sai ga kukan jaki. Ya taho da gudu, ya yi tuntuɓe da buta, takalmi ɗaya ya tsaya a ƙofa. "Ya kama! Ya kama!" Ya duba kwamfuta, ba komi. Jakin mai ruwa ne a bakin katanga. Ranar Laraba ma haka, sau biyu. Yaran unguwa sunka gane, sunka koma bayan taga suna kwaikwayo, shi kuma bawan Allah kowane sai ya taso. Da yamma ya zauna a benci ya ce wa Malama, "Cibiyarku lafiya lau take. Gobe da safe in motar Sabon Birni ta zo za ni wuce Kurawa da Unguwar Lalle, wata ƙila can matsalar take." Malama ta gyara zama ta ce ai dama ta sani.

Ni ko tun ranar Litinin maganar ƙwarya ke yawo a kaina. Ban ce na gane ba. Amma na san kullum bayan Buhu nake danna "wuce", kuma na san abin da ake gani in ka ari ƙwarya a gidan da sunka dama fura mai nono. Sai dai in na je na faɗa wa Injiniya, na tona umarnin Malama, na kuma yi maganar ɗana da bakina gaban namiji baƙo. In kuma ba haka abin yake ba, na zama abin dariya har jikokina. Abin da na sani kawai, in ya hau motar nan kafin matan Kamarawa su iso, kore za ta ci gaba da fitowa, zaren kuma ya kusa wuce gwiwar hannu.

Ranar Alhamis na yi sammako na dama koko da ɗan geron da nake ɓoyo. Na dama shi da zafin da ko maƙeri sai ya jira, na zuba a kwanon ƙarfe mai murfi. Mota ta iso, direba na ta oda, Injiniya ya rataya jaka za ya cire Mai bin sawu. Na durƙusa na aje kwanon gabanshi.

"Injiniya, ba a tafiya da ciki wofi."

"Malama Ige, na gode, amma mota…"

Malama Asabe da kanta ta taimake ni ba ta sani ba. "A cibiyata baƙo za ya bar koko? A shekara irin wagga, da gero ya zama zinari? Zauna ka sha. Direba ya jira, ɗan ƙanwar maƙwabciyata ne."

Ya zauna a bakin ƙofa yana hura ludayi, hawaye na fito mishi. Yana cikin wannan jihadi keken Kamarawa ya shigo.

Hajiya Kulu ta buɗe layi kamar kullum. Na rataye Buhu, na buga nauyinshi, kore. Inna ta matso. Wallahi tun da dare na yi niyyar in rufe ido in auna shi da kaina, kowa ya ce abin da za ya ce. Amma matan nan sun riga sun gyara tsayuwa, wata har ta fara, "To bari mu gani, yau dai gaban baƙo." Ga Malama tsaye a ƙofar ɗakin ajiya ta zuba mini ido. In na ɗauke shi, na yi rashin kunya gaban dangin miji. In na danna, na karya umarnin shugaba. Na juya fuska ga bango na danna.

Shiru. Kwamfuta na ta tunani da tafiyarta ta hawainiya. Na tuna ya ce juyi ba laifi ba ne. Sai kore ta fito, tare da ita kuma jaki ya ɓarke da kuka.

Injiniya ko ɗaga kai bai yi ba. Ya kalli keken da ke tsaye a waje, ya kurɓi koko ya ce, "Yau kam ba ku samuna."

Jakin ya sake kuka. Direba ya sake oda. Injiniya ya aje ludayi ya miƙe yana gyara jaka. Ban san lokacin da murya ta fito mini ba, kuma da ƙarfin da ban taɓa yi gaban Inna ba.

"Injiniya! Wanga jakin na ciki ne!"

Ya tsallake kwano ya iso tebur. Ya karanta rubutun, ya sa hannu biyu a ka, sai ga shi yana tsalle yana cewa, "Alhamdu lillahi! Ga shi! Ga shi nan!" Hajiya Kulu ta ce wa Inna, "Wanga yaro lafiya? Kayanshi sun lalace shina murna."

"Malama Ige, mi kinka danna?"

Na nuna da yatsa.

"Don mi ba ki auna shi ba? Ai ga shi ko motsi ba ya yi. Ɗan wa ne?"

Na kalli ƙasa na ce, "Na gidan su Inna ne."

Layi ya fashe. Inna ta ce, "Ɗan fari ne, ɗan nan. Ko ku a birni kun daina?" Injiniya ya sosa ƙeya ya ce Allah ya ba da haƙuri, shi ma har yau uwarshi "kai wancan" take ce mishi. Sannan ya nuna mana. In an danna "wuce", kwamfuta na aron ƙwaryar nauyi ba ta zuba komi ba, ta kuma yanke hukunci da abin da ta tarar. Ya karanta lambar da ta ba yaron, ya karanta ta yaron da ya gabace shi. Ɗaya ce, ko ɗigo bai bambanta ba.

"Wato," in ji Hajiya Kulu, "duk makwannin nan da nauyin jikana kuke taƙama? To a biya ni haya."

"Ƙarya na'ura take," in ji Inna. "Ƙashi ne da shi."

"Da kore ta fito ai ba ki ce tana ƙarya ba," in ji Hajiya Kulu.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta taho ta karɓi yaron daga hannun ƙanwarta, kuma tun daga yadda hannunta ya tafi sama da sauri na ga fuskarta ta canza. Ta rataye shi da kanta. Allurar sikeli ta ɗan motsa ta tsaya. Ta buga lambar, ja ta fito. Malama ta tura zaren nan da yatsa, ya tafi har kusa da kafaɗa.

Ta kai shi ɗakin ajiya, ta kira ni, ta turo ƙofa. Ta yaga leda ta miƙo mini, ta ce a nan ba mai gani, in ba shi da hannuna. Yana ta lasa yana riƙe da yatsana. Na zaci faɗa za ta yi kan maɓalli. Sai ta ce a hankali, "Ige, gobe in kin ga irin haka, ki zo ki ce mini ɗan maƙwabta ne ba ya da lafiya. Ni ma na yi ɗan fari. Za ni gane."

Mota ta tafi ba Injiniya. Ya buga waya Sabon Birni ya ce kowace cibiya ta daina taɓa maɓallin, a kuma nemo duk yaron da anka taɓa tsallakewa a sake auna shi. Mu ma munka bi namu gida gida, masu cizo da masu ihu, kuma an samu waɗanda ja ce ta dace da su. Malama ta faɗa mishi umarnin da ta ba mu, ya ce da ya sani da tun Litinin ya roƙe ta a yi mishi aikin ragwaye. Ya gyara abin kafin ya tafi. Shi ya sa yanzu in kun danna "wuce" ba kore ba ja, sai ta rubuta "ba a auna ba", ta ƙi rufe sunan yaron sai wani ya auna shi. Ya ce mini duk sabon gyaran da za su turo, sai sun fara danna "wuce" bayan yaro mai nauyi sun ji ko jaki za ya yi kuka, kuma a ofishinsu Gwajin Ɗan Fari suke ce mishi. Ya so ya sa sunan yaron, ya tambaye ni, na ce ya tambayi Inna.

Abin da na ɗauka a aikin nan ke nan. Wurin da ba a cika ba, ba wofi yake ba, akwai abin wani a ciki, kuma na'ura ba ta jin nauyin miƙo maka shi kamar naka ne. Mu ma ma'aikata haka muke in baƙo ya zo, mu share inda za ya duba, shi kuma abin da ya zo nema yana inda munka hana shi gani. In ba ku auna ba, ku ce ba ku auna ba. In mai duba aiki ya zo, ku yi mishi aikin ranar da ba kowa.

Yaron yanzu yana zuwa makaranta, har yau siriri ne kamar ubanshi, amma lafiya lau. Wancan mako ya faɗo daga katanga, Inna ta ɗauke shi tana nishi, ta waiwayo ta ce mini, "Kin ji ko? Na faɗa miki ƙashi ne." Na ce haka ne, Inna. Da ta shiga ɗaki na kai shi sikeli.